Abin Da Hanyar Kudu Ta Koya Mini

Daga wani Malamin Makaranta, Sabon Gari, Wudil

 Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau, wata 'yar magana ce da ta shiga tsakanina da wani yaro na ajina, ta hana ni sakat kwana da kwanaki. Da na yi ta juya ta a zuci, sai na ga ba shi kaɗai ya kamata ya ji amsarta ba, gama na tabbata duk makarantar da ke bakin hanyar mota ba ta rasa irinsa.

Ran nan muna karatun labarin ƙasa, na zana taswirar Nijeriya a jikin allo, na ɗauki alli na ja wani dogon layi tun daga iyakarmu da Nijar, arewa da Daura, har ya dangana da Fatakwal. Na ce, "Wa zai gaya mini ko mene ne wannan?" Aji ya yi tsit. Can sai wani yaro ya ɗaga hannu daga baya. Yaron nan ya fi kowa lissafi, ya kuma fi kowa fashin ran Juma'a. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai hanyar Kudu ce. Ni ma in Allah ya kai mu bayan Salla ita zan bi, na sami wani direban tirela zai ɗauke ni yaron mota." Yara suka fashe da dariya. Ni ban yi dariya ba, ban kuwa yi faɗa ba, don bakina ya taɓa faɗin irin wannan magana sa'ad da na ke kamarsa.

Ga wanda bai san Wudil ba, gari ne a bakin kogi, wajen kilomita 40 kudu maso gabas da birnin Kano, a kan hanyar Maiduguri. Kogin Kano da na Challawa su ne su ke haɗuwa, su biyo ta ƙarƙashin gadarmu, su nufi Haɗeja. Ran Juma'a kasuwarmu ke ci, karar shanunta kuwa ta yi suna ko'ina. Da la'asar ta yi sai a shiga lodi, kafin magariba manyan motoci sun fara fita ɗaya bayan ɗaya, sun nufi Kano don su kama babbar hanyar Kudu. To, yaron da ya tashi a Sabon Gari yana ganin haka ko wane mako, ya ga tsararrakinsa zaune bisa katako a kan mota suna ɗaga wa mutane hannu, bayan kwana biyar su komo da sabon takalmi, in ya ce zuciyarsa ba ta taɓa raya masa kome ba, bai faɗi gaskiya ba.

A 2005, ina da shekara 15, na je na durƙusa gaban mahaifina na ce na gaji da boko, mota za ni bi. Bai ce mini uffan ba, sai ya ce in je in gaya wa Kaka. Tsohon nan ya dube ni sama da ƙasa, ya yi dariya har ya yi tari, ya ce, "Kai da ko ɗan akuya ba ka taɓa kaiwa kasuwa ba? Zauna in gaya maka. Hanyar nan da ka ke ɗoki ta girmi mota, ta girmi zuwan Turawa."

Ya ce ubansa farke ne, ya bi madugu zuwa Gwanja da jakuna. Su kan ɗauki kanwa da turkuɗi da fatu, su komo da goro, wani sa'i sai shekara ta kusa kewayowa tukuna su ga gida. Shi kuma da ya taso, da ƙafa ya kora shanu daga ƙasar Kano, ya bi ta Zariya, ya ƙetare Kwara a Jebba, ya wuce Ilori har Badun, tafiyar wajen wata biyu. Ya ce da an shiga kurmi sai tsando ya far wa dabbobi, sammore ya kama su, sân da ya bar gida da tozo kamar tulu ya isa can ƙashi da fata. Da ya ƙare sai ya ce, "Amma gani ya kori ji. Kawunka zai yi lodin Warri ran Juma'a, ga shi kuna hutu. Bi shi, ka komo ka ba ni labari."

Ran Juma'a tun hantsi ina kara. Na ga yadda a ke zuba yashi da buntun shinkafa a ƙasan mota don kada shanu su zame, a jera su kai da gindi, a ɗaure ƙahoninsu da igiya a jikin ƙarfe. Kawu ya ba ni sanda ya ce, "Ɗana, aikinka ɗaya ne. Kada ka bar saniya ta kwanta. In ta kwanta 'yan'uwanta za su tattake ta." A nan na fara gane wani abu. Dabbobin nan ba ci ba sha har a sauka, ko wace sa'a da ta wuce nama ke zubewa daga jikinsu, kuɗi ke zubewa daga aljihun mai su. Shi ya sa direban shanu ba ya son tsayawa, shi ya sa kuma ba ya samun barci.

Muka tashi da magariba. Da muka iso Mariri, a bakin Kano, Kawu ya nuna mini kasuwar goro da haɓa, ya ce, "Ka gani? Mu mu gangara da nama, su su hauro da goro. Tun zamanin kakanka ke nan." Muka ratsa Hotoro, muka bi hanyar da ta kewaye birni ta gabas, muka faɗa hanyar Zariya a Na'ibawa. Wannan ita ce babbar hanyar da Gwamnatin Tarayya ta sa wa lamba A2, ita ce layin da na ja muku a allo.

Daga Kano zuwa Zariya kilomita 137 ne. Za ka wuce Kura da Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, ya mai da ƙasa ta zama ta shinkafa da alkama da tumatir rani da damina. Za ka wuce Kwanar Gafan, inda a ke lodin tumatir, sa'an nan Kwanar Ɗangora, sa'an nan Tashar Yari. Ku lura da sunayen nan da kyau. Duk garin da ku ka ji sunansa ya fara da Kwana, ko Tasha, ko Mararraba, ko Zango, to, hanya ce ta haife shi. Wani ya kafa rumfar shayi inda motoci ke juyawa, wata ta kawo tukunyar tuwo, bakanike ya zo, mai faci ya zo, kafin a jima an gina masallaci, gari ya kafu. Garin da hanya ta kauce wa kuwa, sai ya koma kamar tsohuwar rijiya. Dā ta Bebeji a ke bi tsakanin Zariya da Kano. Ta nan sojan Turawa suka biyo a 1903, suka yi faɗa a Bebeji, suka ci Kano ran 3 ga Fabrairu. Yau mota na wucewa, Bebeji na gefe.

Muka shiga Zariya ta Kwangila dare ya fara yi. Daga nan kilomita 73 sai Kaduna, ta Jaji da Mararrabar Jos da Rigachikun da Kawo. Kaduna kanta 'yar hanya ce, gama inda jirgin ƙasa ya ƙetare kogi nan ta tsiro, a 1917 aka mai da ita mazaunin Gwamnan Arewa maimakon Zungeru. Daga Kaduna kuma kilomita 165 zuwa Abuja, ta Rijana da Kateri da Jere da Tafa. Iska tana dukan fuskata, sanyi ya ratsa rigata, warin kashin shanu ya cika mini hanci, amma ina jin kaina kamar ɗan sarki bisa ingarma. Gari na wayewa na hangi Dutsen Zuma tsaye cikin hazo, na ce a raina, wa zai bar wannan ya koma aji?

Ba a jima ba na sami amsa. Mun wuce Gwagwalada da Abaji, a lokacin kuwa hanyar nan zuwa Lakwaja falle ɗaya ce, mai tafiya da mai komowa duk ita su ke bi. Sai muka ga motoci sun yi jerin gwano. Da muka matsa, ashe wata tirelar shanu ce irin tamu ta kife a gangare. Aka ce barci ya sace direba. Shanu na kwance ko'ina, mahauta na ta yanka waɗanda ke da sauran rai. A gefen kwalta kuma an jera mutum huɗu an lulluɓe su da ganye, su ne masu zama bisa katako. Ƙafar ɗayansu ta leƙo, ƙarama ce kamar tawa, tana sanye da sabon takalmi irin wanda na daɗe ina sha'awa. Kawu ya yi salati, ya yi musu addu'a, direbanmu ya ja mota. Ba wanda ya yi magana har muka hau gadar Murtala a Jamata, na ga Kwara shimfiɗe ba iyaka, kogin Wudil ya koma mini kamar ƙorama.

A Lakwaja Kwara da Binuwai su ke haɗuwa, a nan ne kuma Lugga ya kafa tutar mulkin Ingila bisa Arewa ran 1 ga Janairu, 1900. Daga nan ƙasa ta sake kama. Tun wajen Kaduna kuka ta fara ƙaranci, yanzu kuwa ɗorawa da kaɗanya ma suka ja da baya, kwakwar manja ta karɓi wuri. Muka hau duwatsun Okene, muka wuce Auchi. Inda mu ke tsayawa babu tuwon dawa, sai sakwara da teba da miyar manja. Amma abin mamaki, duk inda motocin shanu ke tsayawa sai ka ji Hausa, ka ga mai shayi da mai tsire da ɗan masallaci. Kamar yadda jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911, ya kawo mutanen Kudu suka zauna a Sabon Garin Kano da na Zariya, haka shanu da goro suka kai namu mutane suka kafa unguwannin Sabo a Badun da sauran garuruwan Kudu. Kowa baƙon wani ne, kowa kuma mai masaukin wani.

Dare na biyu, wajen Benin, aka bar mini tsaron bayan mota. Kwana biyu ban runtsa ba. Na ce bari in jingina kaɗan. Ihun Kawu ne ya tashe ni. Wata farar saniya ta kwanta, an tattake ta, numfashi sama sama. Aka tsaya aka yanka ta a bakin hanya, aka sayar wa wani mahauci a kan abin da bai kai rabin kuɗinta ba. Na tsaya ina jiran mari, amma Kawu bai taɓa ni ba. Ya ce, "Kai barcinka saniya ya ci. Na direban jiya fa?" Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Muka wuce Sapele, muka sauka Warri da safe. Bayan kwana uku aka gama ciniki. Da dare a masauki Kawu ya zazzage aljihunsa, takardu suka zubo tuli guda. Rasiɗai ne na kuɗin da ya yi ta biya a shingaye tun daga gida, gama ba mu yi tafiyar kirki ba sai an tsai da mu. Shi ya yi karatun allo, amma bai iya boko ba, ya riƙe lissafinsa duka a ka. Ya ce, "Kai ɗan boko, karanta mini." Ina karantawa yana faɗin abin da ya bayar. Sai muka tarar a wurare da dama abin da aka rubuta bai kai abin da aka karɓa ba. Wasu takardu biyu kuma na haraji iri ɗaya ne, an karɓa sau biyu. Wata ma ba rasiɗi ba ce sam, guntun takardar talla ce aka buga wa hatimi. Na ja layi, na tara kuɗin sayen shanu, da na mota, da ladan dillali, da na shingaye, da hasarar saniyar da na kashe, na ɗebe daga kuɗin sayarwa. Abin da ya rage ba ya sayen ɗan maraƙi.

Kawu ya daɗe yana duban takardar, ko da ya ke ba ya iya karanta ta. Sa'an nan ya ce, "Shekara ashirin ina bin hanyar nan. Na san ko wane rami nata, na san inda ɓarayi ke tsayawa, na san inda ruwa ke da daɗi. Amma yau ka nuna mini wani gefenta da ban taɓa gani ba. Ɗana, masu sanda sun yi mana yawa a kan mota, mai alƙalami mu ke nema." Muka komo a wata mota mai ɗauke da manja da katako. Na je gai da Kaka, ya ce, "Ina takalmin?" Na sunkuyar da kai. Ran da aka koma makaranta na riga mai shara isa.

Bayan na fito kwalejin horon malamai na so in ga kan hanyar, tun da na ga wutsiyarta. Na bi ta Dambatta da Kazaure da Daura, na sha ruwan rijiyar Kusugu, na tsaya a Kongolam inda iyaka ta ke. A nan lambar A2 ta ƙare, amma hanya ba ta san iyaka ba. Ta wuce Matamaye da Damagaram da Agadas, ta ratsa hamada ta Tamanrasset har Aljiyas a bakin Bahar Rum. Wani yanki ce na babbar hanyar hamada, mai tsawon wajen kilomita 4,500 daga Aljiyas zuwa Ikko. Ta wannan gefe ne ayarin Azbinawa ya kan kawo gishirin Bilma Kano bisa raƙuma, ya koma da hatsi da tufafi. Watau masu aikin hanya sun zuba kwalta ne kawai, amma bukatar mutane ga junansu ita ta fara jan layin, da kofaton jaki da tafin raƙumi.

In kuna son ku san ƙarfin wannan bukata, ku dubi abin da ke faruwa in hanyar ta yanke. A 2012, da kuma 2022, Kwara ta cika ta batse, ta hau kwalta wajen Koton Ƙarfe da Lakwaja, motoci suka yi kwanaki a tsaye da kayansu. A ƙarshen Fabrairun 2021 fataken shanu da na kayan abinci suka dakatar da kai kaya Kudu wajen mako guda, saboda hasarar rayuka da dukiya da 'yan'uwansu suka yi a can. Nan da nan nama da tumatir suka yi tsada a Ikko, a nan gida kuwa tumatir ya rasa mai saye, yana ruɓewa a kwando. Mai kuka a can, mai kuka a nan. Haka kuma shekarun da masu satar mutane suka addabi tsakanin Kaduna da Abuja, matafiya da yawa suka koma jirgin ƙasan da aka buɗe a 2016, har shi ma aka kai masa hari ran 28 ga Maris, 2022. A 2018 aka fara sake gina kilomita 375 ɗin nan da ke tsakanin Abuja da Kano. Tun 1988 kuma aka kafa hukumar kiyaye haɗari a kan hanya. Duk waɗannan ayyuka na masu ilmi ne.

Kada wani ya ce Malam ya raina direba ko yaron mota. Allah ya kiyaye! Da guminsu na yi karatu, da kuɗin shanun Kawu aka saya mini littattafai. Abin da na ke faɗi shi ne, hanyar da ke ciyad da mu tana kuma cin 'ya'yanmu, ba kuwa mai rage wannan sai wanda ya san ta ta fuska biyu, da ƙafa da kuma alƙalami. Tana bukatar mai auna ƙasa da mai gina gada, da likitan dabbobi, da akawun da ba a cuta tasa ba ya kuwa cutar kowa. Tana bukatar wanda zai tsara yadda za a yanka shanu a nan gida, a kai nama cikin mota mai sanyi, yaro ya huta da zama bisa katako. Direban ma da ya iya karanta alamun hanya da takardunsa ya fi wanda bai iya ba. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Duk wannan na gaya wa yaron nan bayan an tashi, muna zaune gindin darbejiyar makaranta. Ya saurara har na ƙare, sa'an nan ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na ji. Amma Baba yana kwance tun damina, ni ne babba. Wa zai ci da ƙannena?" Na yi shiru, gama wannan tambaya ta fi ƙarfin alli. Ni sha'awa ce ta kai ni kan mota, shi kuwa yunwa ce ke tura shi.

Na kwana da abin. Washegari na kai shi wurin Kawu, wanda yanzu ya tsufa ya bar tafiya, yana zaune a kara yana dillanci. Muka shirya ran Juma'a in an tashi daga makaranta, bayan masallaci, yaron zai zauna rumfarsa da littafi da alƙalami, yana rubuta wa fatake lissafin lodinsu, suna ba shi lada. Ba zai kai abin da direba ya yi masa alkawari ba, amma zai sayi hatsi. Ya ɗauki alkawari zai tsaya har ya ɗauki jarrabawar fita. Makon jiya na leƙa na tarar da shi tsakiyar dattawa, yana gardama da wani farke a kan kuɗin igiya. Amma da wata tirela ta tashi, na ga ya ɗaga kai ya bi ta da kallo har ta ɓace. Salla kuwa tana matsowa. Ku taya ni roƙon Allah ya ba mahaifinsa lafiya, ya kuma tsai da zuciyarsa.

Ku kuma ga aikin da na ba ku. Ko wane ɗayanku ya sami tsoho a gidansu, ya tambaye shi hanyar da ta bi ta garinku: ina ta fito, ina ta nufa, ta ina a ke bi kafin a zuba kwalta, me ta ke fitarwa, me ta ke kawowa. Ku jera sunayen garuruwanta bi da bi, ku nemi asalin ko wane suna, ku zana taswira, ku nuna wa malaminku. Wanda tasa ta yi kyau ya aiko wa Edita, mu ma mu ƙaru. Matambayi ba ya ɓata.

Allah ya kiyaye matafiya, ya kai kowa gidansa lafiya, ya ba mu ilmi mai amfani. Amin.